Duwatsu Uku a Bakin Kwazazzabo

Kwanana huɗu a Alƙahira na gane cewa Malam Tasi'u ya ci amanar gidanmu. Shi ne mutumin da ya zauna a zaurenmu, ya sha furar Inna har ya yi gyatsa, ya rantse wa Baba cewa ya samo mini gurbin karatun likitan dabbobi a Masar. Da na kai takardar da ya ba ni ofishin da aka kwatanta mini, matar da ke bayan gilashi ta juya ta gaba da baya, ta ce wannan ai ta wata 'yar makarantar koyon Larabci ce ta wata shida, kuma ko ita sai na sake rajista. Na roƙe ta ta ƙara dubawa. Ta ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, ta kira na bayana. A bakin ƙofar ofishin na yi ta kiran lambar Malam Tasi'u har aka fara ce mini a kashe take. Har yau a kashe take, kuma har yau ban yafe ba. Malamai sun yi mini nasiha a kan haka, na saurara da ladabi, na yi godiya, amma ban yafe ba.

Zangona na farko Hayyus Sabi' ne, unguwar ɗalibai, a hawa na biyar na wani gida inda 'yan Najeriya bakwai suka matsa mini wurin shimfiɗa saboda Allah. Dukkansu karatun addini ya kawo su, mutanen kirki ne, sai dai ban dace da su ba. Su idonsu na kan littafi, ni nawa na ƙasa. Babana maharbi ne da ya ajiye bindiga ya koma gadin gandun daji a gefen Falgore, kuma tun ina ɗan shekara bakwai yake tafiya da ni yana nuna mini sawu. Wannan gada ce, da asuba ta wuce. Wannan kura ce, dubi yadda ƙafar baya ta gaza ta gaba. Wannan mutum ne, kuma ɓarawon itace, nauyin kaya ya danne masa duga-dugai. Sai ga ni a garin da babu ƙasar takawa, kwalta da siminti ta ko'ina, ina tafe kai a sunkuye. Mai shagon da ke ƙasan gidanmu ya ɗauka wani abu na yar, kullum sai ya tambaye ni ko na tsinta.

Ba tuwo na fi kewa ba, duk da wakensu na safe ya fita mini a rai tun makon farko. Shiru na yi kewa. Garin nan ba ya rufe baki, direba ko shi kaɗai ne a kan titi sai ya danna hon. Duk Juma'a Baba zai kira ya tambayi karatu, in ce lafiya lau. Bijimai biyu ya sayar aka yi mini tafiyar nan, da wane baki zan ce masa takardar banza muka saya?

Da wata shidan makarantar Larabcin suka ƙare na koma Ardul Liwa, can ƙetaren kogi, inda baƙaƙen fata suka fi yawa kuma haya ta fi sauƙi. Lungunan wurin ko rana ba ta shiga sosai, masu tuk-tuk, wato adaidaita-sahun garin, suna gogar mutum su wuce, wani ya leƙo ya kira ka da launin fatarka kamar ba ka da suna. Da farko nakan tsaya in rama. Wanda ya hana ni shi ne Iliyasu, mutumin Tasawa ta Nijar, da muka haɗu a masallaci ya ce in zo mu raba ɗakinsa. Ya ce in na ce sai na amsa wa kowane mai tuk-tuk, to makogwarona zai mutu kafin iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, ta ƙare. Yana ce mini ɗan Najeriya sarkin faɗa, ina ce masa Musiye saboda ba ya gama magana bai sa Faransanci ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya bar aikinsa ya dama mini kunu da geron da yake ɓoyo a ƙarƙashin gado kamar zinari.

Iliyasu wankin mota yake yi a Zamalik, tsibirin jakadu da masu hali, kuma shi ya samo mini aiki a can. Da ya faɗa mini aikin na ɗauka tsokana ce. Wata Madam ce ke neman mai zagayawa da karnukanta biyu safe da yamma. Mu ma muna da karnuka a gida, amma na farauta ne, abin da suka kamo suke ci. Waɗannan kuwa suna da rigar sanyi, suna da katifa, suna da likitansu da ke zuwa gida da jaka. Ranar da na fara ganin likitan nan, saurayi sa'ana, yana leƙa kunnen kare, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska. Aikin da na zo koyo ke nan, ga shi a gabana, ni kuma ina riƙe da igiya da ledar kwashe kashi.

A gidan na san Husam, ɗan 'yar'uwar Madam, mai tabarau a goshi da dariyar da ba ta kai zuci. Wata rana ƙaramin karen ya kufce a wani lambu da aka gama ba ruwa, Madam ta fara kuka kamar an yi mata rasuwa. Ƙasa ce jiƙaƙƙiya, ko makaho ya bi sawun. Kafin a gama kiraye-kirayen waya na fito da shi daga bayan wani tankin ruwa. Husam ya tambaye ni yadda na yi, na nuna masa. Ya ce yana da sana'ar kai mutane yawon shaƙatawa ranakun Juma'a da Asabar, yana son irina. Sunana Haladu ya yi masa nauyi, ya mayar da ni Khalid, ya ce yalla, wato mu je, ranar Juma'a.

Wurin wani kwari ne na duwatsu a bayan gari, tafiyar sa'a ɗaya in hanya ta yi kyau, wanda hukuma ta keɓe don dabbobin daji. A bakin ƙofa akwai babban allo da ya jera abubuwan da aka hana: kunna wuta, ƙarar kiɗa, zubar da shara, fita daga hanya da mota. Duk abin da allon nan ya hana, a bayan motarmu muke shigo da shi. Husam ya ce jagora zan zama, ashe ɗan dako ne. Ni ke ɗaukar gawayi da ruwa da akwatin kiɗa, ni ke hura wuta, sannan ranar Lahadi in dawo ni kaɗai a motar haya in kwashe abin da suka bari, don kada a hana shi shiga.

Amma akwai ƙasa. Bayan kusan shekara biyu na sake taka yashi da tsakuwa, na sake ganin sawu. Abin da na karanta kuma bai yi mini daɗi ba. Sawun dabba a kwarin nan kullum a kan sawun taya yake, ba a ƙarƙashi ba, wato ba mai fitowa sai mutane sun tafi. Yanyawa na bin gindin duwatsu a ɗarare, kashinta cike da leda. Karnukan gari sun biyo warin ƙashin kaza sun tare a ciki, garke guda. Ta arewa akwai titin manyan motoci masu ɗebo dutse daga wurin fasa, ta yamma sababbin gidaje suna ta matsowa. An ce wurin na dabbobi ne, amma kwana biyu a kowane mako ba su da ikon shan iska a cikinsa. Mutum ya bar gidansa mai fanka da firji, ya zo gidan wasu ya kunna musu kiɗa har duwatsu na amsawa, ya tafi yana cewa ya huta.

Mai gadin ƙofar wani tsoho ne, Ammu Sabir, wato Baffa Sabir, mutumin kudancin ƙasar, mai rawani da gwiwoyin da suka gaji. Duk faɗin Masar shi ne ya fara tambayata sunan babana da sana'arsa. Da na ce mai gadin daji ne, sai ya tashi ya sake ba ni hannu, ya ce ashe ɗan abokin aikinsa ne ni. Tun daga ranar duk Lahadi sai na sha shayinsa mai sukari kamar zuma kafin in fara kwasar shara. Ya ibni yake ce mini, wato ɗana. Usur gare shi da littafin rubuta rahoto, su ke nan makamansa.

Wata Lahadi cikin sanyi iska ta kwashi ledoji ta cusa su wani siririn kwazazzabo da ba kowa ke shiga ba. Ina bin su sai na ga sawu a kan yashi mai laima a gindin dutse. Zagayayye ne, babu alamar farce, don haka ba kare ba ne. Ya kuma fi na kyanwar gida nesa ba kusa ba. Na ajiye buhun shara na bi shi a hankali, iska na busowa ta fuskata. Kwazazzabon ya rabu biyu, sawun ya bi hagu, ya kai gindin wani hawa. Ina ɗaga kai na gan ta a kan wani falalen dutse tana shan hantsi. Kyanwar dutse ce babba, ja kamar ƙasar gini, da kunnuwa baƙaƙe masu tsini da gashi a samansu. Tsofaffin maharbanmu messo suke ce mata, kuma Baba da kansa sau biyu ya taɓa ganinta a rayuwarsa. Da ta miƙe na ga nonuwanta sun cika. Na ja da baya ba tare da na juya mata ƙeya ba, ina jin daɗin da rabona da shi tun gida.

Lahadin da ta biyo na hau dutsen da ke fuskantar nata, na kwanta rub da ciki, na jira. 'Ya'ya uku na ƙirga a bakin wani ɗan kogo, ko tafiya ba su iya sosai ba. Na faɗa wa Ammu Sabir, na zana masa kunnen a ƙasa. Ya daɗe yana kallon zanen, ya ce ummu risha suke kiranta, kuma ya fi shekara goma bai ji wanda ya gan ta ba. Ya ce kada in faɗa wa kowa, musamman mai tabarau. Na ce ai ba sai ya faɗa ba.

A nan na yi kuskuren da har yau yake cina. A wajen su Baba, idan maharbi ya tarar da makwancin mai jego, ko wace irin dabba ce, sai ya ƙulle kan ciyawa sau uku a bakin hanyar. In wurin dutse ne babu ciyawa, sai ya ɗora duwatsu uku, ɗaya kan ɗaya. Duk maharbin da ya gani ya san abin da ake nufi, ya juya ya nemi wata hanya, ko da yunwa ya kwana. Tun ina yaro nake ganin haka, ban taɓa tunanin akwai inda ba a san shi ba. Don haka na ɗora uku a bakin kwazazzabon, na ɗora uku a mararrabar ta ɓangaren hagu, na ɗora uku a gindin hawan. Na zaɓi farare masu faɗi don a gan su daga nesa. Ban faɗa wa Ammu Sabir ba, don a ganina ba labari ba ne. Na koma Ardul Liwa ina jin na yi abin da Baba zai yi alfahari da shi.

Sai sabunta iƙama ta taso. Mako biyu ina jele, yau a ce hoto bai yi ba, gobe a ce mai sa hannu ya fita, jibi a ce in dawo. Ban taka kwarin ba sai Juma'a ta uku. Da na isa inda muke haɗuwa na tarar da motoci huɗu maimakon ɗaya, Husam sai washe baki yake yi. Ya nuna mini tallar da ya sa a waya: hoton kyanwata ne a kan falalen dutsenta, a ƙasa an rubuta a zo a ga zakin dutse. Na ce wane irin zaki, wannan ƙasar ina ta ga zakin dutse? Ya ce Turawan da ke zuwa sunan suka sani daga ƙasashensu, kuma kyanwa ba ta cika mota. Wai wasu masu yawon ƙafa ne suka gano sabuwar hanya, suka bi ta har suka ɗauko hoton.

Muna isa ƙofa na sauka na nufi Ammu Sabir. Bai ba ni shayi ba. Ya ce ya rasa wanda ya yi wannan aiki, wani ɗan banza ya jera alamun hanya tun daga bakin kwazazzabon har ƙofar kogon. Na tambaye shi wace irin alama. Ya ce duwatsu mana, ɗaya kan ɗaya, haka masu yawon ƙafa ke yi wa junansu a duk duwatsun ƙasar nan, ma'anarsa hanya ce mai kyau, a biyo nan.

Na ce, "Ammu, ni na ɗora su."

Na yi masa bayanin su Baba da ƙullin ciyawa. Da na gama ya sa hannu ya dafa kafaɗata, ya ce, "Babanka mutumin kirki ne, ya ibni. Amma nan ba maharba ke zuwa ba."

Na ruga kwazazzabon. Inda na bar sawun dabba ɗaya, yanzu turba ce ta takalma. Duwatsuna uku sun zama tsibi-tsibi, kowa ya wuce sai ya ƙara nasa, wani har ya fesa kibiya da jan fenti a jikin dutse. Na yi ta shurinsu ina watsarwa har babban yatsana ya fashe. Husam ya iso da mutanensa, ya tsaya yana kallona. Ya ce in daina wahalar da kaina, wurin ya riga ya shiga wayar kowa, ko babu dutse ɗaya za a zo. Sannan ya miƙo mini leda mai nauyi, ɗanyun kaji ne a ciki. Ya ce in hau in ajiye a bakin kogon don ta fito, mutane sun biya, ba za su koma ba su ga komai ba.

Na ce masa tana da 'ya'ya uku, warin nama zai jawo karnuka, kuma in aka matsa mata za ta gudu. Cikin fushi na faɗi abin da bai kamata ba, na ce ni na sa alamar nan, kuma don a nisance ta na sa. Ya kwashe da dariya har da riƙe ciki, ya juya ya fassara wa baƙinsa, su ma suka yi.

"To ai kai ne ka buɗe mana kasuwa, ya Khalid. Yalla, hau."

"Sunana Haladu, kuma ba zan hau ba."

Na so in kwaɗa masa ledar a fuska, Allah ya sani. Abin da ya hana ni shi ne kajin za su zube a wurin. Na juya da su har ƙofa na ba Ammu Sabir. Husam ya aiko a faɗa mini khalas, wato an gama, kada in ƙara zuwa, kuma gidan Madam ma an sallame ni. Ko a jikina. A ɗakin gadi na zauna kwana biyun nan, ina taya tsoho tare mutane. Wace tarewa? Shi da usur, ni da Larabcin da ake yi wa dariya. Wani ya nuna mana tikiti ya ce ya biya kuɗin shiga, wata ta ce hoto ɗaya kawai za ta ɗauka, tana son dabbobi fiye da kowa. Wasu suka tashi wani ɗan jirgi mai kamara yana ta ƙugi a saman kogon. Kowannensu cewa yake yana ƙaunarta. Ban taɓa tsanar mutane masu fara'a kamar a kwana biyun nan ba, kuma duk tsanar da na yi musu ba ta kai wadda na yi wa kaina ba.

Ranar Lahadi da sassafe, da wurin ya koma shiru, muka hau ni da Ammu Sabir, yana dogara sanda. A gindin hawan muka tarar da toka da kwalabe da ƙasusuwan kaza, ashe Husam ya sami wanda ya hau masa. Sawun karnuka ko'ina. Kogon babu kowa. Na ce wa tsoho ya tsaya inda yake kada ya taka mini, na durƙusa na fara karatu.

Ta bayan dutsen ta fita, ƙafafunta na gaba sun nutse fiye da ƙa'ida, wato da ɗa a bakinta. Ta dawo babu kaya. Ta sake fita da kaya, ta sake dawowa. A dawowa ta biyu ba ta kai kogon ba. Kamar taku goma ya rage ta ci karo da inda karnuka suka yi dandali, ta zagaya dama, ta zagaya hagu, ta hau wani dutse ta zauna, har gurbin zamanta yana nan. Daga nan ta sauka ta tafi, ƙafafunta ba nauyi. Na san abin da zan tarar kafin in leƙa ƙarƙashin falalen. Abin da karnuka suka rage na ɗan na uku bai cika tafin hannuna ba. Na tona yashi na rufe shi. Ammu Sabir yana ta salati a bayana, ni kuwa ko addu'a na kasa, haƙorana kawai nake cizawa.

Muka bi sawun ta arewa, tafiyar da ta ci mana fiye da sa'a saboda gwiwoyin tsoho. Ya kai mu inda nake tsoro, bakin titin manyan motocin dutse. Suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na girgiza, farar ƙura ta rufe komai. A nan sawun ya ɓace cikin na tayoyi. Gangaren ya fi ƙarfin Ammu Sabir, ya zauna a kan dutse ya ce in tsallaka in duba. Ya ce in Allah ya sa ta haye, yau ɗin nan zai rubuta rahoto ya kai da kansa, a turo masana da kamarori, a kafa allo, a kewaye wurin da waya, kowa ya san akwai ta don a kiyaye ta. Idonsa har ƙyalli yake yi. Da zuciya ɗaya yake faɗa, kamar yadda ni ma da zuciya ɗaya na ɗora duwatsuna.

Na jira mota ta wuce na tsallaka. Na daɗe ina bin gefen titin ina duba kwalta, ina jiran in ga jini ko jan gashi. Babu. Can gaba, inda ruwan sama ya taɓa tara yashi mai laushi, na same shi. Mai tafiya, mai dawowa, mai tafiya, mai dawowa, sannan na biyar a kan sauran duka, mai tafiya. Sau biyar ta ratsa titin nan, kuma ta haye. Na ga inda sawun ya nufa, na ga irin duwatsun da ke can, na san inda ni zan ɓoye 'ya'ya biyu da ni ne ita. Na waiga, wata mota ta shiga tsakanina da tsoho. Na tuɓe rigata na share sawun nan tas, ina ja da baya ina share nawa, har na dawo kan kwalta.

Da na hau gangaren ya miƙe da ƙyar yana kallon fuskata.

"Ka ga wani abu, ya ibni?"

"Babu komai a can, Ammu. Ba ta haye ba."

"Ka duba sosai?"

"Na duba."

Ya koma ya zauna, ya ja gefen rawaninsa ya rufe ido. Mutumin da ya fi kowa kyautata mini a ƙasar nan, na tsaya a kansa yana kuka, maganar da za ta share masa hawaye tana bakina, na haɗiye ta. A ranar ya rubuta a littafinsa cewa mota ta kashe ta. Labari ya bazu, masu ƙaunarta suka yi ta sa hotonta a waya da alamar hawaye, kafin wata ya ƙare ba mai shiga kwazazzabon. Husam ya koma tallar kallon taurari.

Yanzu wankin mota nake yi tare da Iliyasu, amma duk Lahadin da na samu sarari nakan je in gaida Ammu Sabir. Ban ƙara tsallaka titin nan ba, ko kallon wajen ba na yi in yana kusa. Zai dafa mini shayi, ya tambayi lafiyar Baba, daga nan sai ya kawo maganarta. Kullum sai ya ɗaga hannu ya kai ƙarar direban da ya take ta wajen Allah, ya ce ko birki bai taka ba, azzalumi. Sai ya dube ni yana jiran in ce amin. Ni kuwa in sunkuyar da kai in kurɓi shayina.